Yayata da Kamfanin da Babu Shi

Yayata ta yi shekara goma sha tara a masana'antar sabulu, kuma ban taɓa jin wani a wurin ya kira ta da sunanta ba. Sikeli suke ce mata. A sito ta fara, tana auna gangunan mai da buhunan sinadari idan mota ta kawo, kuma direbobi sun san ba a wuce ta da ko rabin kilo. Daga baya aka mai da ita ofishin da ke gano abin da sandar sabulu guda take ci kafin ta fita kasuwa: mai, wuta, kwali, hannun ma'aikata, har da wanda ya lalace a inji. Idan manyan kamfanin za su sayi sabon inji ko su daina yin wani samfuri, takardunta suke dubawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, sau biyu ana kawo mata shugaba daga waje, sau biyun kuma ita ta koya masa aikin. Na farkon bai ma san sabulu yana rage nauyi idan ya bushe ba. Na biyun, in dai za a faɗi gaskiya, ya iya sa kwat. Da ya tafi sai aka ce Yaya ta riƙe kujerar na wucin gadi, aka yi shekara huɗu ana wucin gadi. Ran nan manaja ya kira ta ya ce sababbin masu kamfanin sun yanke cewa kujerar ta mai takarda ce. Akwai jarrabawar ƙwararru ta akantocin gudanarwa, irin masu ba shugabanni shawara da lissafi. Matakin farko ta daɗe da wuce shi. In ta haye matakin tsakiya kafin ƙarshen shekara, kujerar tata ce. In ba haka ba, za a ɗauko na uku, ita kuma ta koya masa.

Sau biyu ake zama jarrabawar a shekara. Yaya ta shiga zaman farko tana da shekara arba'in da shida da 'ya'ya uku, ta fito tana murmushi, sakamako ya zo ta faɗi warwas.

Ni ce autarmu, malamar firamare ce, kuma ban yarda ba sam. Matar da ke ninka lambobi uku-uku a ka tana yankan albasa, a ce ta faɗi lissafi? Ranar Asabar na je gidanta da jan biro. Na kori yara tsakar gida, na share teburin falo, na zaɓi tsohuwar tambaya daga cikin littattafanta, na ajiye agogo a gabanta na ce minti arba'in da biyar.

Tambayar a kan wani kamfanin fenti ce. An ba da adadin abin da yake yi a wata, an ce biyu cikin ɗari ne ke lalacewa, aka ce a fitar da tsadar gwangwani ɗaya, a kwatanta da abin da aka tsara. Yaya ta duƙufa tana rubutu kamar ana kora ta. Da lokaci ya cika na karɓi shafi biyu cike, na karanta, na sake juyawa.

"Yaya, ina amsar?"

"Ga ta nan a hannunki."

"Wannan ai ba amsa ba ce, faɗa ne."

"To ƙarya suka shirga, Auta. Wane inji ne ke aiki wata guda cur bai tsaya ba? Su ba a ɗauke musu wuta? Kuma fenti, a ce biyu cikin ɗari? Wanda ke manne a jikin tukunya kawai ya fi haka."

"Kamfanin fa babu shi, Yaya. Ƙirƙirarsa aka yi."

"Shi ya sa bai iya aiki ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki, ita kuwa ko gezau. Ashe haka ta yi a zaman farko. Ta cinye lokacinta tana gyara wa masu tambaya kamfaninsu, sannan a 'yan mintocin ƙarshe ta dangwara amsa daga ka, ba tare da nuna yadda ta kai gare ta ba. Malamin da ke musu darasi ranar Lahadi ya sha gaya mata, amma cikin ladabi, don ta kusa haifarsa. Ita kuma ta ɗauke shi yaron da bai taɓa shaƙar warin sinadari ba, don haka maganarsa ta bi iska.

Ni ba ni da wannan ladabin. Na ce mata mai duba takarda yana da jerin abin da zai ba maki a kai, kuma ko ta fi shi sani sau goma, abin da ba ya cikin jerin sifiri ne. Sai ta tura kalkuletarta gefe.

"Shekara goma sha tara ana biyana don in kalli adadi in ce wannan ƙarya ne," in ji ta. "Shi kaɗai na fi su da shi. Yanzu ki ce in haɗiye?"

Maganar ta taɓa ni sosai. Washegari na bi ta darasin, na tsare malamin bayan an tashi, na zayyana masa komai. Ya buɗe takardar tambayoyin ya nuna wa Yaya sashen ƙarshe, wanda ba ta taɓa samun lokacin kaiwa ba, inda ake cewa a ba shugabannin kamfanin shawara.

"Anti, nan ne wurinki," ya ce. "A sama ki yarda da su, ki nuna kowane mataki. In kin iso nan ki gaya musu abin da kika gani, amma a taƙaice."

Mako goma sha ɗaya muka yi a haka. Da rana, in an tafi cin abinci, takan koma tsohon sitonta ta zauna a kan ganga da littafi, ƙarar inji na rufe mata surutu. Duk Asabar ni da agogo da jan biro. In na ga ta fara karkata kai tana tsaki, sai in buga tebur, ta harare ni ta ci gaba. Mafi wuya gare ta shi ne rubuta matakan da kanta ke tsallakewa. Ta ce kamar a sa babba ya koma rarrafe ne. Amma ta rarrafa, layi bayan layi, har ta fara gama tambaya da saura minti bakwai. Ni da na zo koyarwa, na koma gida na san bambancin kuɗin da ke hawa da yawan kaya da wanda ke nan daram ko an yi aiki ko ba a yi ba.

Ranar jarrabawa na jira ta a bakin ƙofar makarantar da aka yi zaman. Ta fito tana matsa yatsunta.

"Sun sake?" na tambaya.

"Sun sake mana. Kamfanin takalma ne, wai ba a zubar da ko guntun fata. Na yi musu lissafinsu yadda suke so. A ƙarshe na gaya musu gaskiya cikin layi biyar."

Mako shida ana jiran sakamako, kuma kamfanin bai jira ba. Sau biyu Yaya tana wuce baƙi masu kwat a kan bencin ofishin manaja, da jakar takardu a cinya. Takan gaishe su da fara'a, ta shiga ofishinta, ta kasa cin abinci. Wata Alhamis ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Ta turo mini hoton saƙon ba tare da kalma ko ɗaya ba: sittin da uku, ta haye. Na fita baranda na yi kukana, na share ido na dawo, kuma duk wanda na haɗu da shi a ranar sai da ya ji cewa yayata ce.

Ranar Litinin aka yi taron shugabannin sassa, wanda ake yi a wani ɗaki a saman bene. Duk tsawon shekarun nan takardunta ne ke shiga ɗakin, ita takan miƙa su a bakin ƙofa ta sauko, har lokacin da take riƙon ƙwarya. Ranar ta shiga da su a hannunta, aka ja mata kujera. Da aka tashi ta kira ni. Na zaci za ta ba ni labarin abin da aka tattauna ne, ko abin da manaja ya ce.

"Auta," ta ce, "ashe ɗakin nan yana da taga. Ana hango sito daga ciki."