Ganyen Fita a Kundin Halittu

A gidanmu na Sabo, unguwar Hausawa cikin Ibadan, zaure ya fi kama da rumbun goro fiye da wurin saukar baƙi. Mahaifina fataken goro yake saukewa, shi ma a hannun mahaifinsa ya gaji sana'ar. Aikin da na fara koya a duniya shi ne gugar ganye. Za ki zauna da tsumma mai laima, ki goge su ɗaya bayan ɗaya, ki ware mai huji da wanda ya soma yin rawaya, sannan ki miƙa wa masu ɗaurin huhu su shimfiɗa kafin a zuba goro. Ganye ne mai faɗi da santsi, ba ya saurin yagewa, kuma shi ke riƙe wa goro danshinsa har mota ta kai shi Kano ko Sakkwato. Sunansa fita. Ban taɓa jin an kira shi da wani suna a zaurenmu ba, sai in matan Yarabawa masu kawo shi daga daji sun zo, su kan ce gbodogi.

Na girma na karanta ilmin tsirrai, na kama aikin koyarwa a wata sakandare. Wata rana ina shirya darasi na faɗa cikin wani kundi a intanet, wanda masana daga ƙasashe daban-daban ke tara duk wata halitta mai rai a cikinsa, tun daga giwa har gansakukar bakin rijiya. Kowace halitta da shafinta. Akwai hoto, akwai sunan Latin, akwai taswirar inda ake samunta, a ƙasa kuma an jero sunayenta a harsunan mutane. Na shafe kwanaki ina yawo a ciki. Na duba kuka, na ga an rubuta kuka. Na duba tsamiya da zogale da ungulu, duk suna da sunayensu na Hausa. Sai na nemo ganyen zaurenmu. Na same shi, ga hotonsa kamar in miƙa hannu in goge. Akwai sunan Yarbanci, akwai na wasu harsunan kurmi, babu na Hausa.

Duk wanda ya yi rajista yana iya ba da shawarar suna, sai wani mai tantancewa ya duba ya amince ko ya ƙi. Na yi rajista, na rubuta "fita", na zaɓi Hausa, na tura. Ban ɗauka abu ne da zai ci mini fiye da minti biyu ba.

Bayan kwana uku amsa ta zo da Turanci, cikin ladabi. Mai tantancewar ya ce tsiron na dajin kurmi ne, ba ya fitowa a ƙasar da ake jin Hausa, don haka yana shakkar a ce yana da sunan Hausa. Ya nemi in kawo hujja. Ya kuma jawo wani mutum cikin maganar, wani ɗan arewa da ya daɗe yana shigar musu da sunayen Hausa, suna kallonsa a matsayin masanin harshen. Shi wannan da Hausa ya rubuto mini, a inda kowa zai gani.

"Malama, fita dai a Hausa kishiyar shiga ce. Ban taɓa jin ganye mai wannan suna ba. Wataƙila irin Hausarku ce ta mutanen kurmi, wadda ta cakuɗe da Yarbanci. Gara mu bar kundin nan da tsantsar Hausa."

A ɗakin malamai na karanta, na kife wayar a kan tebur. Maganar ba sabuwa ba ce a kunnena. A makarantar firamare 'yan ajinmu sun sha tambayata yaushe za mu koma garinmu, alhali a asibitin da aka haife su aka haife ni. Da aka kai ni Kano biki ina budurwa, 'yan'uwan mahaifiyata suka zagaye ni suna sa ni in maimaita kalmomi suna dariya. A can na yi shiru, a nan ma na yi shiru, don a lokacin ban san abin da zan ce ba. Wannan karon ina da abin cewa.

Bayan la'asar na sami Baba a zaure yana tsince goro a faifai. Ya tsufa, gwiwoyinsa sun soma ba shi wahala, kuma ba ruwansa da harkar waya in ba kira ba. Tun da na fara koyarwa yake ce mini Malama, rabi girmamawa rabi tsokana. Na karanta masa saƙon.

"Sake karanto wurin tsantsar nan," in ji shi.

Na sake.

Ya ajiye faifan. "Gari ma ai biyu ne, da na zama da na tuwo. Ban ji an ce a soke ɗaya ba. Shi wannan malamin yana cin goro?"

"Ban sani ba, Baba."

"In yana ci, tambaye shi a cikin me ya iso masa. Ganyen ba ya tsirowa a garinsu, gaskiya ne. Amma kullum yana sauka a tashar garinsu. Shi dai bai taɓa kwance huhu ba ne."

Washegari Asabar ce. Na ɗauki wayata na bi zaurukan Sabo inda tsofaffin 'yan goro ke zama, in ɗaga ganyen in tambaya, mene ne wannan? Wasu suka dube ni kamar na zautu, 'yar gidan goro tana tambayar sunan fita. Na wuce kasuwar Shasha na tambayi masu ɗaurin kaya, na tsaya a tashar Ojoo na tambayi direbobin da ke lodin arewa. Wani direba Bazamfare, wanda bai fi wata biyu da fara zuwa Ibadan ba, ya ce ai ko a garinsu fita ake cewa, kakarsa ma da shi take naɗe tabar gari. Na naɗi muryoyinsu duka na tura.

Mai tantancewar ya gode, ya ce ya saurara, amma ƙa'idarsu ba ta karɓar murya. Ko dai littafin da aka buga, ko kuma samfurin tsiron da aka adana a wata cibiyar bincike, da sunan a rubuce a jikin takardarsa. Na tabbata sunan yana kwance a wani tsohon ƙamus, a wani laburare. Ina iya nemowa. Amma abin ya tsaya mini a rai, a ce bakin tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu da ganyen nan a hannu bai isa ba, sai an ga wani baƙo ya taɓa rubuta abin da ya ji daga bakin irinsu. Na ce to, tun da takarda ake so, ni zan yi takardar.

Akwai wata cibiyar binciken tsirrai a garin nan da na taɓa zuwa lokacin ina ɗaliba, mai ɗakin adana busassun ganyaye. Wadda ke kula da ɗakin wata dattijuwa ce Bayarabiya, mai tabarau a rataye a wuya. Na durƙusa na gaishe ta da Yarbanci, na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta saurare ni har ƙarshe.

"Ganye kawai ba ya isa, 'yata," in ji ta. "Ki kawo mini shi da fure ko da 'ya'ya, ki rubuta inda kika cire shi da ranar. A takardar akwai layin sunan gargajiya da harshe. Abin da kika rubuta a nan, ko bayan ni da ke yana nan."

Da na gaya wa Baba zan je daji a Akinyele, can bayan gari, sai ya ce tare za mu je. Na tuna masa gwiwarsa. Ya ce gwiwar tasa ce. Muka hau mota zuwa Ojoo, muka canja wata, daga inda kwalta ta ƙare muka hau babura. Matar da ke kawo mana ganye tun ina yarinya ita ta tarbe mu, ta tsufa ita ma. Suka tsaya gaisuwa ita da Baba, shi da Yarbancinsa, ita tana jefa masa Hausa, har na gaji da tsayuwa. Ta kai mu wani kwari mai laima a ƙarƙashin manyan itatuwa, inda ganyen ya yi cunkus ya fi ni tsawo. A ranar na gane Baba bai taɓa ganin fita a tsaye a ƙasa ba. Shekara da shekaru a ɗaure yake zuwar masa. Ya kama kara ɗaya ya bi shi da hannu tun daga ƙasa har ganyen.

Babu fure, babu 'ya'ya. Matar ta ce mu dawo in ruwa ya zauna sosai. Muka koma gida hannu rabbana, Baba ya yi kwana biyu yana sallah a zaune. Yayata ta kira ni daga gidan mijinta ta wanke ni tas, ta ce zan kashe tsoho saboda kalma guda. Na ce mata shi ya ce zai je, kuma in lokaci ya yi zan koma ko da shi ko ba shi.

Da shi ɗin muka koma. Laka ta hana babur shiga, muka ƙarasa da ƙafa, yana dogara sanda, ina riƙe da takalmansa. Wannan karon muka samu, 'ya'ya ƙanana jajaye a jikin wani siririn reshe. Na yanko uku da wuƙar Baba ta goro. A gida na shimfiɗa su tsakanin tsofaffin jaridu da katako biyu, na ɗora turmi a kai. Damina ce, na farko ya yi fumfuna ya lalace. Sauran biyun kullum sai na canja musu jarida kafin in tafi makaranta da bayan na dawo, har suka bushe da kyau.

Dattijuwar ta juya samfurin, ta duba da gilashinta, ta ce ya yi. Ta ba ni takardar in cike. A layin suna na rubuta fita, a layin harshe na rubuta Hausa. Ta karanta ta ɗago.

"Me zai hana ki sa Hausar Sabo? Zai rage miki gardama da ɗan arewan nan."

"A'a, Mama. Wurin da na cire shi yana da layinsa, na cike. Harshen kuma Hausa ne."

"Kin san zai iya cewa ke kika rubuta wa kanki hujja."

"Ni na rubuta. Duk takardun da ke cikin akwatunan nan ai wani ne ya rubuta."

Ta yi dariya, ta jawo hatimi ta buga, ta ba samfurin lamba. A layin wanda ya ba da sunan na sa mahaifina, da sana'arsa.

Sai da aka yi watanni kafin cibiyar ta ɗauki hoton samfurin ta ɗora a intanet. Ranar da ya hau na sake tura shawarata, na haɗa da lambar. Mai tantancewar ya amince a yinin. Ɗan arewan nan ya dawo, ya ce to ba laifi, amma a sa alama a gefe cewa karin harshen wani yanki ne. Na ba shi amsa a inda ya ba ni tasa, a fili. Na ce masa ya je kasuwar goro ta garinsu, ya sami wanda ya fi kowa furfura, ya nuna masa hoton, in ya faɗi wani suna dabam ni da kaina zan nemi a cire nawa. Bai sake rubutowa ba. Ban san ko ya je ba. Alamar dai ba a sa ba.

Na kai wa Baba wayar a zaure, na faɗaɗa masa rubutun har kalmar ta cika fuskar wayar. Ya karanta haruffan huɗu a hankali, don bokonsa na yaƙi da jahilci ne. Sai ya ce in nuna masa hoton da ke saman shafin. Ya ƙura masa ido.

"Wannan ganyen ya tsufa. Ni ba zan naɗe goro da shi ba."

"Ba ni na ɗauki hoton ba, Baba."

"To a gaya musu." Ya miƙo mini wayar. "Tsutsar da ke cin goro fa, ita ma tana ciki?"

Na nema, na same ta, ita da ƙwaron da take zama in ta girma. Sunan Latin ne kawai da na Turanci, babu na Hausa.

Ya jawo kwandon da yake zuba goron da ya ware, ya tona, ya zaɓi wani mai ɗan huji a gefe, ya ɓare shi da farce. Tana ciki, fara, tana motsi. Ya ce in shiga wurin mahaifiyata in karɓo kwalba mai murfi, mu kai wa dattijuwar nan.