Ƙarfe Biyu a Gidan Visi

Ranar Talata, goma sha uku ga Nuwamba, 2018, Allah ya karɓi ran Visitación Romera, matar marigayi wana Eusebio, a gidanta da ke Peñalbar, tana da shekara saba'in da tara. Mai motar burodi ne ya fara ankara. Ya danna ham a bakin coci da ƙarfe goma sha ɗaya kamar kullum, mu shida muka fito, ita shiru. Ya ce shekara ashirin yana zuwa garin nan, bai taɓa danna ham sau biyu saboda ita ba. Muka tura ƙofa, muka tarar da ita a kujerarta ta gefen murhu, jiki ya riga ya yi sanyi. A kan tebur ga waken da ta jiƙa tun jiya, daidai cikin mutum biyu.

Visi, ni ne Saturio, ƙanin mijinki, ko da yake na ba ki shekara huɗu. Ban yi makaranta ba, a aikin soja na koyi haɗa baƙaƙe. Amma babu gidan da ban san wanda aka haifa a cikinsa da wanda aka fitar da gawarsa ba a garin nan, kuma ba zan yarda a sallame ki da kalmomi ukun da Fadan coci ya faɗa yana duba agogo ba.

Farkon ganina da ke a gonar alkama ne, lokacin girbi, kina budurwa, kin koro jaki da abincin masu yanka. Kasko ɗaya ne ga mutum goma sha biyu. Kowa ya ɗebi cokali ɗaya ya ja da baya, na bayansa ya matso. Na yi wayo na ɗebi biyu a jere, kika kwaɗa mini ludayi a hannu a gaban kowa. Eusebio ya yi ta dariya har ya ƙware. Shekara ba ta zagayo ba ya aure ki.

Da matata Casilda ta rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, ɗana Fermín ya zo daga Zaragoza ya same ni tsaye a bakin taga ina cin burodi da cuku da ƙarfe huɗu na yamma. Ya buɗe tukwane, duk a bushe. Ya ce ya riga ya samo mini wuri a gidan tsofaffi a Soria. Na san gidan, na je duba wani abokina a can. Ƙarfe ɗaya sun ci na rana, bakwai da rabi sun ci na dare, ga rana tangararan a sama, a kora mutum ya kwanta kamar kaza. Na ce sai dai a kai gawata. Muna cikin ɗaga murya kika shigo ba sallama, kina goge hannu da gyale.

"Fermín, bar mini shi. Kullum ƙarfe biyu zai ci mai zafi a teburina. Ranar da na kasa, ka zo ka kwashi kayanka."

"Kayan nan fa da nauyi, Inna."

"Na ɗauki wansa shekara arba'in, wannan ai guntu ne."

A kan wannan magana na zauna a garin da aka haife ni. Ba lafiyata ce ta riƙe ni ba, ba kuma taurin kaina ba, ko da yake haka nake faɗa wa mutane. Tukunyarki ce.

Ba ki taɓa ba ni abinci kamar ana ba mabuƙaci ba. Sai an shimfiɗa ƙyallen tebur, ko da mu biyu ne. Sai an fara da na cokali, wake ko romo, sannan a kawo na biyu, don a wurinki abin da ba a fara shi da cokali ba taɓa baki ne kawai. Ranar Juma'a kifi, ko mai kifi ya zo ko bai zo ba, akwai busasshe a rataye. Bayan tuffa da gahawa kuma ba mai tashi. Mukan zauna har ƙarfe huɗu, ɓarɓashin burodi a gabanmu, ina lissafo miki waɗanda suka zauna a kowane gida na layin ƙasa, kina gyara mini inda na yi kuskure, ina ƙin yarda.

Faɗanmu na kullum a kan agogo ne. Ni na ce agogon gwamnati ya yi wa rana gaba, ubana bai taɓa cin abinci da shi ba, ni ma sai inuwar hasumiyar coci ta taɓa bakin rijiya. Kika ce, "Ƙanin miji, ka ci da inuwa idan ka ga dama, ni dai ƙarfe biyu nake sauke tukunya." Sau ɗaya na gwada ki na zo biyu da rabi. Na tarar ba ki ci ba, kina zaune hannu a cinya, romo ya yi fata. Ban sake ba.

Ba ni kaɗai ba ne. Driss, makiyayin nan ɗan Maroko da ke kiwon tumakin gidan Lafuente, ya yi hunturu uku yana cin abincin gwangwani a daji. Kika sayo ƙaramar tukunya sabuwa dal wadda naman alade bai taɓa shiga ba, kika ɗaura mata jan zare a hannu don kada a haɗa. Ranar jana'iza ya tsaya a ƙofar coci, hula a hannu, yana kuka kamar yaro.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan mun dawo daga maƙabarta, 'yarki Begoña ta zaunar da ni a kicin. Ta ce shekara biyu da suka wuce likita ya gano zuciyarki ta gaji. Ya hana ki gishiri, ya hana ki tsayuwa a murhu, ya ce ki koma kusa da asibiti. Begoña ta gyara miki ɗaki a gidanta a Valencia, har labule ta saka. Sau huɗu tana zuwa da mota tana komawa ita kaɗai. Amsarki ɗaya ce: "Idan na tafi, ranar za a kai baffanki Soria." Kika sa ta yi rantsuwa ba za ta gaya mini ba.

Ni kuwa na gani, Visi, wannan ne abin da ke ci na. Na ga kin koma feraye dankali a zaune. Na ga kina tura mini kwanonki na biyu. Na ji gishiri ya ragu, abin da na ce kawai shi ne, "Matar wa, hannunki ya mutu ne, ko gishirin ya yi tsada?" Kika yi dariya kika miƙo mini kwalbar gishiri. Ni mai alfahari da sanin labarin kowa tun daga kakanni, ban karanta fuskar da nake kallo kullum a tsallaken tebur ba.

Fermín ya bugo waya jiya, yana ta kewaye-kewaye a kan maganar gidan Soria, ya shirya jin ihu. Na ce masa ya zo ranar Asabar da mota, akwatina a ɗaure yake. Ya ce, "Baba, lafiya kake?" Na ce lafiya. An riga an biya zamana a garin nan da abin da ya fi ƙarfina, ba zan nemi wani ya ƙara ba.

Allah ya jiƙanki, Visitación. Ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sada ki da Eusebio cikin salama, ya ba ki hutun da ba mu ba ki ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga jikokinki biyu, da ƙanwarki Pilar, da mu goma sha bakwai da muka rage a Peñalbar. Allah ya ba mu haƙuri.

Ke kuma Begoña, 'yata, Allah ya sanyaya zuciyarki. Shekara biyun nan na ƙarshe naki ne, ni na cinye su ban sani ba. Ki yafe wa baffanki.

Saturio Gonzalo
Peñalbar