Gaisuwar da Ba Ta Isa Wurin Mai Unguwa Ba

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da muka rufe Malam Iliyasu. Har yau in tsofaffin ɗalibansa suka haɗu aka yi masa addu'a, sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Mutum mai tsantseni irin Malam, a ce ya manta da gaida mai unguwa." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in shafa fatiha. Wannan maganar na zo gyarawa, domin sunan mutumin kirki take ci, kuma na san iyalinsa na karanta wannan shafin.

Malam masanin kimiyyar yanayi ne. Bayan farin da ya ƙarar da dabbobin mutane a shekarun can, ya tara mu mu biyar, sababbin fitowa daga jami'a, ya ce zai koya mana lissafa damina tun kafin ta zo. Ɗaki ɗaya aka ara mana a Bompai, a bayan wata masaƙa, inda ƙarar injin ke sa ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji. Ya zana taswirar ƙasar Kano ya yayyanka ta gida-gida kamar dara, kowane gida da lambarsa. Mu zuba wa kowanne ruwansa da zafinsa da iskarsa, mu huhhuda katuna, a kai wa kwamfuta. Huda ɗaya ta kauce, aikin mako ya tashi a banza. Ya taɓa duba sakamakona ya ce, "Sannu Tijjani, ka saukar da ƙanƙara a Dakata ana tsakiyar bazara. Sai mu sanar da direbobin tirela."

Kullum yakan ce kwamfuta ba ta taɓa ganin hadari ba, abin da ka ba ta shi za ta dawo maka da shi. Don haka dole kowane gida na taswirar ya sami ma'aunin ruwan sama na gaske, a kafe a gona. Doka ɗaya ya kafa mana: ba a haƙa rami sai an je wa mai unguwa da goro, an zauna an yi masa bayani ya gamsu. Dalilin a fili yake. Manoman Sharada da Challawa sun riga sun haddace karatun: 'yan safiyo su zo su kafa turke mai lamba, kafin a yi girbi katafila ta biyo baya, gonar gado ta zama majema.

Ranar wata Alhamis ya ba ni goro ya aike ni wani ƙauye a bayan Challawa. Ina da sabon babur a lokacin, ina kuma da budurwa a Panshekara. Babur ya san hanyar da ya fi so. Goron mai unguwa, gwaggon yarinyar ce ta ci shi tana sa mini albarka. Na ce a raina gobe na je, gobe kuma ta zo da nata sha'anin. Ranar Asabar muna ɗora kaya a mota Malam ya tambaye ni, "Ka kai gaisuwa?" Na ce, "Na kai, Malam." Saboda son burgewa ma har na shafa wa turakun da za mu ɗora ma'aunan a kai jan fenti, na rubuta wa kowanne lambarsa.

Mu uku muka je, ni da Malam da Bitrus, abokin karatunmu mutumin Filato. Hantsi ne, gero ya kai gwiwa. Bitrus na cikin haƙa sai muka ji an kwarma ihu, "Ga 'yan safiyo!" Kafin mu ɗaga kai gonar ta cika da mutane, wasu da fartanya, wasu da gora. Dutsen farko a bakin Bitrus ya sauka, ya tofar da haƙora biyu a kan ƙasar da ya haƙo. Aka ja shi ta ƙafa ana tattaka shi. Aka farfasa gilashin mota, wani ya cusa karan dawa mai wuta a ciki.

Malam ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Ku tsaya bayin Allah! Mai unguwarku ya san da zuwanmu!" Ashe mai unguwar na cikinsu. Tsoho ne siriri, ya matso gaba a fusace. Ya ce, "Ni ban san ka ba. Ba wanda ya zo mini."

Malam ya juyo ya dube ni. Da suka yo kaina sai ya tako ya tsaya a tsakani, ƙotar fartanyar da aka auna ni da ita ta same shi a ƙeya. Har yanzu ina jin ƙarar nan. Ya faɗi rub da ciki, jini na bin kunnensa, ba su kuma daina ba. Ni na ruga cikin geron har katangar wata majema. Ma'aikatan can ne suka fito da ƙarafa suka ƙwato su da ƙyar.

Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti, yana farfaɗowa yana komawa, kafin ya cika. Da 'yan sanda suka tambaye shi, ina tsaye a gefen gadon, ya ce shi ne ya manta bai aika ba, a saki manoman, tsoron gonarsu ne ya sa su. Na bari suka rubuta haka suka tafi.

Yau ɗalibaina na zaune cikin sanyin ofis, tauraron ɗan'adam na aiko musu da abin da muke bin gonaki nema, lissafin da kan ci mana wata guda suna gama shi kafin shayi ya huce. Na san da Malam zai yi murna, sannan ya tambaye su wa suka gaisar a ƙauyen da suke yi wa hasashe. Wannan dokar tasa ce ta rage, na kuma koyar da ita ga duk wanda ya bi ta hannuna. Sai dai abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda nake koyar da ita. Shekara da shekaru nakan ce musu, "Ku kula, ko Malam Iliyasu da ya manta sau ɗaya, ransa ya bayar." Na mayar da rufin asirin da ya yi mini darasi a kan sakacinsa.

'Yarsa Rabi, wadda ke rarrafe lokacin, yanzu ta aurar da 'ya'ya. Baba take kira na, duk shekara ni take fara aika wa a zo addu'a. Rabi, mahaifinki bai manta ba. Ya aika, ni ne ban je ba, na kuma yi masa ƙarya. Jibi zan zo addu'ar kamar kullum. In kin ga dama ki bar ni a tsaye a ƙofar gida.