Karanshaf ɗin Motar Auta

A layinmu na masu gyaran mota, shagona ne na ƙarshe kafin kwana, kujeru nake ɗinkawa. Bango ɗaya ya raba ni da mutumin da kowa ke kira Kunne. Sunan ya bi shi tun yana saurayi, har masu kawo masa aiki daga nesa ba su san yana da wani ba.

Sana'arsa fafe inji. Idan ramukan da fistan ke hawa da sauka a ciki suka cinye, sai a kawo masa gangar injin, ya ɗora a kan na'urarsa, ya faɗaɗa ramukan kaɗan, ya sa fistan masu ɗan kauri. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da na fi ji a bakinsa shi ne, ƙarfen da ka cire ba ya komawa, don haka ka ci kaɗan ka auna, ka sake cin kaɗan.

Amma ba wannan ya ba shi suna ba. A ƙasan kowane inji akwai karanshaf, dogon ƙarfe mai gwiwoyi wanda fistan ke turawa ya juya. Idan ya tsage, sau da yawa ido ba ya gani. Wasu sukan jiƙa shi da kananzir, su goge, su barbaɗa garin alli, su jira tsagar ta yi gumi ta nuna kanta. Kunne bai taɓa yin haka ba. Yakan rataye shi da igiya a ƙarfen rufi, ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, ya rufe ido. Lafiyayye yakan yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa. Mai tsaga kuwa guntun tari yake yi ya yi shiru.

"Alli na 'yan makaranta ne," in ji shi.

Gidansa a bayan shagon yake, tagar ɗakin girkin matarsa tana kallon ƙofar baya. Duk layin Inna muke ce mata. 'Ya'yansu mata sun yi aure sun watse, sai Auta, namiji ɗaya, wanda ya tashi a cikin ƙarar guduma amma ya zaɓi aikin wayar mota, yana da nasa shago a ɗaya gefen gari.

Wata rana da hantsi sai ga Auta a cikin wata 'yar mota ana jan ta da igiya. Gajera ce, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, ba rufi, jan fentinta ya koɗe ya koma kalar bulo. Kujera biyu kacal. Duk layin aka fito kallo.

Mai walda ya zagaya ta ya ce, "Auta, wannan mota ce ko takalmi? Ina ɗaya ƙafar?"

"Motar tsere ce, Kawu."

"Na ga alama. Ga shi har igiya ta kasa cim mata." Ya leƙa bayan kujerun. "Ka sayi motar da ba za ka rage wa kowa hanya ba. Rowa ce kawai da tayoyi."

Auta ya yi dariya ya ce kujerun suna da masu su, ɗaya tasa, ɗaya ta Inna. Ta taga Inna ta ce ita ba za ta shiga abin da sai an durƙusa ake shiga ba. Ya ce za ta shiga, kuma har bakin gari zai kai ta ya dawo da ita.

Da suka sauke injin, Auta ya ce ba gyara kawai yake so ba, so yake a ƙara masa ciki. Hanya biyu ce, kamar yadda suka bayyana mini. Ko a faɗaɗa ramukan a sa manyan fistan, ko a canza karanshaf a sa mai dogayen gwiwoyi don fistan ya riƙa yin doguwar tafiya. Auta duka biyun yake so. Uban ya yarda da na farko, ya ƙi na biyu.

Ina zaune a bakin ƙofata ina farke wata tsohuwar kujera, ina jin su.

"Karanshaf ɗin tare suka zo duniya da gangar nan," in ji Kunne. "Sun san juna. Ba a raba su sai da dalili."

"Baba, manyan fistan za su ƙara masa nauyi."

"Zai ɗauka. Rataye shi ka gani."

Auta ya rataye shi. Uban ya ƙwanƙwasa, ya rufe ido, ya gyaɗa kai. Auta ya karɓi gudumar ya buga da kansa, ya matso da kunnensa, ya sake bugawa.

"Baba, ban ji daɗin amon nan ba. Kamar yana yankewa."

"Ina ya yanke?"

"Ban sani ba. Bari mu sa masa kananzir da alli, ba abin da za mu rasa."

Kunne ya karɓi gudumarsa ya mayar da ita ma'ajiyarta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "A shagona? Kunnenka bai nuna ba tukuna, yaro. Je ka ji da wayoyinka."

Auta ya sunkuyar da kai ya ce to. A 'yan watannin nan, in zan ari sifana a wurin Kunne sai na kira shi sau biyu ta kan bango, rediyonsa ma ya ƙara murya. Amma tsufa kowa da inda yake fara kama shi, ni a gwiwa ya fara, ban kawo komai a raina ba.

Auta bai sake ta da maganar ba. Duk ranar da ba shi da aiki sai ya zo ya zauna da karanshaf ɗin a kan benci, ya naɗa siririyar takardar goge ƙarfe a wuyan kowace gwiwa, ya ja da igiya, nan da can, nan da can, har wurin ya koma kamar madubi. Uban yana gefe yana fafe ramukan, yana ci yana aunawa. Ba su cika magana ba, amma ban taɓa ganin Kunne yana buɗe shago da wuri kamar a lokacin ba. Ni kuma Auta ya ba ni kujerun, ya ce ta Inna a ƙara mata soso.

Ciwon da ya kwantar da Auta, da farko zazzaɓi aka ɗauka. Bai daɗe ba. Allah ya jiƙansa.

Kunne ya rufe shago na wani lokaci. Da ya buɗe, motar tana nan a kusurwa an lulluɓe ta da tamfol, karanshaf ɗin yana rataye a naɗe cikin tsumma mai mai. Aikin mutane ya ci gaba da karɓa, amma ya ragu. An fara cewa a layi wani inji da ya fito daga hannunsa ya dawo, abin da ba a saba ji ba. Ba wanda ya faɗa masa a fuska.

Damina ta wuce, wata ta zo, sannan wata safiya Kunne ya leƙo shagona.

"Kujerun nan fa?"

"Suna nan, na gama tuntuni."

"Ka kakkaɓe su. Zan haɗa motar yaron. Ya yi wa uwarsa alkawari."

Ya jera manyan fistan a kan benci, ya wanke gangar, ya warware tsumman. Ƙarfen yana ta sheƙi kamar jiya aka goge. Ya ɗauki guduma ya ƙwanƙwasa, ya rufe ido. Ya sake. Ya juya kansa ya kawo ɗaya kunnen, ya sake bugawa da ƙarfi fiye da yadda na taɓa gani. Sai ya tsaya da gudumar a hannu yana kallon ƙasa.

Ni ban san amon ƙarfe ba, keken ɗinki ya cika mini kunne tun ina yaro. Shi ma bai tambaye ni ba. Ƙofar baya ya nufa ya ce, "Ke, zo ki ji wani abu."

Inna ta shigo tana goge hannu da gefen zanenta. A iya sanina ba ta taɓa wuce bakin ƙofar nan ba. Ya buga. Ta kasa kunne.

"Yaya kika ji?"

"Ni me na sani a ƙarfe, Baban Auta?"

"Tun kina amarya kike ji ta tagar nan."

Ta ce ya sake. Ya sake. Ta daɗe tana kallon wuraren da ke sheƙi kafin ta ce, "Waɗanda kake cewa a mayar a inji, ina ɗauraye kwano in kife suna nan suna kuka. Wannan kafin in ɗauki kwanon ya yi shiru."

Ya ajiye gudumar. Ya fita, ya tsallaka titi zuwa shagon mai kayan rubutu, ya dawo da kwalin alli. Ya jiƙa ƙarfen da kananzir, ya bar shi ya sha, ya goge tas, ya murƙushe allin da gindin guduma ya barbaɗa. Mu uku muka tsaya muna kallon farin gari. Can sai wani siririn layi ya fara duhu a kusurwar gwiwa ta tsakiya, kamar gashi ɗaya a kan farin ƙyalle, dab da inda Auta ya fi gogewa.

Kunne ya bi layin da farce.

"Ashe kunnen yaron ya nuna," ya ce.

Mai walda da ya ji labari ya zo ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne, ya san inda za a samu wani, har ma mai dogayen gwiwoyin da marigayin ya so. Kunne ya yi masa godiya. Bayan mai waldan ya fita, Kunne ya zauna a kan benci ya ce wa matarsa, "In na sa wani, za ta yi gudu, amma ba hannunsa a ciki. In na mayar da wannan, hannunsa na ciki, amma ba za ta hau titi ba. Ana taka ta zai karye."

Inna ta ce, "To, ina za mu je?"

Mai tsagar ya mayar. Ya haɗa injin a hankali, kowane noti da awonsa, kamar motar da za ta yi doguwar tafiya. Na kawo kujerun na ɗaura. Ranar da ya gama, da la'asar, ya cire tamfol, ya buɗe wa Inna ƙofa. Sai da ta dafa kafaɗarsa ta durƙusa sannan ta shiga. Ta ɗan motsa a kan soson ta ce, "Yaron nan." Shi kuma ya zagaya ya zauna a ɗaya kujerar, ya murɗa makulli.

Motar ta tashi. Murya mai kauri, ba irin ta ƙaramar mota ba, har masu aiki a layi suka ajiye abin da ke hannunsu. Bai taka totur ba. Ya ɗora tafinsa a kan sandar giya inda rawar injin ke isowa, ya juyo ya tambaye ta ko da daɗi. Ta gyaɗa kai. Suka zauna haka suna fuskantar bangon shago, har hayaƙi ya fara taruwa a rufi. Sannan ya kashe, ya zare makullin ya sa mata a hannu. Ba a sake tayar da motar ba.

Ya ƙara 'yan shekaru yana aiki kafin idanunsa ma su gaji. Gudumar ban sake jin ta ba. A kan shiryayye, inda take zama a da, sai gwangwanin kananzir da kwalin alli. Tsofaffin masu kawo masa aiki sukan yi mamaki su ce, "Kunne, kai ne da alli?" Yakan ci gaba da barbaɗawa, bai ɗago ba, ya ce haka ɗansa ke yi.