Wendell Furuya, Wanda Ya Tsaya a Gaɓa Yana Ɗaukar Mu

Da hantsin Talata, 14 ga Oktoba, matarka Noreen ta kira ni ta ce ka rasu. An same ka a gonarka ta 'ya'yan itace a bayan garin Hood River, zaune a gindin bishiya, kwandon da kake cikawa yana gefenka. Likita ya ce zuciya ce. Shekarunka sittin da takwas. Ina cikin mota a lokacin, allona na hawan ruwa yana ɗaure a sama, ƙyallensa mai kama iska a baya, na nufi kogi saboda iskar yamma ta taso. Na faka a gefen titi na daɗe ban iya juyawa ba.

Masu tasowa sun san ka ne a matsayin dattijon da ke tsaye a gaɓa da hular kaba, idonsa a kan na'urar tuƙa ƙaramin jirgin sama marar matuƙi mai ɗaukar hoto. Ba su san kana cikin waɗanda suka fara kafa ƙyalle a kan allo suna tsere da iska a kogin Columbia ba, tun ana ce musu mahaukata. Shekara ashirin da biyar ka yi kana hawa, kafin wata faɗuwa ta taɓa maka ƙashin baya, likitoci suka hana ka. An ɗauka za ka daina zuwa bakin ruwa. Da bazara ta zagayo sai ga ka da jaka cike da ƙananan kyamarori, kana bin mutane kana ɗaura musu a hular kwano da sandar ƙyalle.

Haka muka haɗu. Na zo garin nan aikin jinya, ina da shekara arba'in da ɗaya, ina koyon hawa, ina shan ruwan kogi fiye da kifi. Ka zo ba gaisuwa ka ɗaura kyamara a sandata. Da na fito ka zaunar da ni a bayan motarka, ka miƙo mini shayi, ka kunna hoton.

"Corinne, faɗuwa goma sha ɗaya a minti ashirin. Ko dai allon ne ya yi miki laifi kike gudunsa?"

Na ji haushi ƙwarai. Amma ka tsayar da hoton ka nuna mini yadda nake kallon ƙafafuna maimakon inda zan je, kuma a makon nan na yi juyina na farko ban faɗi ba. Mutane da yawa a garin nan suna da irin wannan labarin. Kamfanonin kayan wasa suna nemanka don ka ɗauki gwanaye, kana yi musu, amma rabin yininka a kan irinmu yake ƙarewa: masu furfura, masu tsoro, da waɗanda suka fara a makare.

Kana da faɗa, wannan ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya saukar da jirginsa ƙasa-ƙasa a kan masuntan ƙabilar Yakama da tarunsu, ko kusa da sheƙar tsuntsaye, sai ya ji muryarka daga wancan ƙarshen gaɓa. Akwai wanda kuka yi shekara biyu ba kwa magana a kan haka.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata Asabar a watan Yuli, shekara shida da suka wuce. Iska ta yi ƙarfin da ba mu gani ba duk shekarar, taguwar ruwa ta fi tsayin mutum. Gwanaye sun taru ana gasar tsalle, kuma kai aka ɗauka ka yi musu hoton. Mijina Anselm ya shiga ruwa can ƙasa da wurin gasar. Minti arba'in ban ga jan ƙyallensa ba. Ga kuma jirgin ruwa na dakon alkama yana gangarowa, irin wanda ba ya iya tsayawa ko kaucewa cikin gaggawa. Na zo wurinka a guje.

Ba ka tambaye ni komai ba sai launin hularsa. A daidai lokacin wani gwani yana sama yana juyin da ka yi mako kana jira. Ka kawar da jirginka daga kansa ka bi kogi. Batir ɗaya ya rage maka, kuma ya yi rabi. Ina tsaye a kafaɗarka ina kallon farin kumfa kawai, har ka ce, "Ga shi can. Yana da rai, yana ɗaga hannu."

Sandarsa ta karye, allon ya tsere masa, kafaɗarsa ta goce, yana tsakiyar hanyar jirgin dakon. Masu ceto a kan babur ɗin ruwa ba sa iya hango shi saboda taguwa. Sai ka tsayar da jirginka daidai saman kansa, ka ce musu ta rediyo su bi shi. Na'urar tana ƙara tana neman a dawo da shi gaɓa, kai kana hana ta. Suna kama hannun Anselm batir ya ƙare, jirginka ya faɗa kogi, ba a sake ganinsa ba. Jirgin dakon ya wuce ta wurin bayan minti uku.

Hoton ya rage a wayarka. Wani gidan talabijin ya nema, ka ƙi. Ka ce mutum yana kuka yana kiran sunan matarsa a ciki, wannan ba abin nunawa ba ne. Ka ba Anselm kwafi ɗaya ka goge naka. Da ya kawo maka sabon jirgi ka karɓa, amma ka ce masa idan ya sake shiga ruwa da ruɓaɓɓiyar sanda kai da kanka za ka nutsar da shi. Jikarmu ta farko an haife ta shekara biyu bayan haka, kuma kakanta Anselm ne ya fara ɗaukar ta.

Ranar Asabar mai zuwa za mu taru a bakin kogi. Na tambayi Noreen ko a sa wani ya ɗauki taron daga sama. Ta yi ɗan murmushi ta ce a'a, mu shiga ruwa kawai, kowa ya bar kyamararsa a gida, domin ba za ka yafe wa wanda ya ɗauko hoto a karkace ba. Haka za mu yi.

Allah ya ji ƙanka, Wendell, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi mana. Noreen, da 'ya'yanku Keiko da Russell, da ƙanwarka Lorraine, ni da Anselm muna miƙa muku ta'aziyya. Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya, ya sa ya huta.