Rakiyar Sarkin Ruwan Tottenham Sayen Allo

Asabar da asuba: Tottenham

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin wata Asabar, a ƙarshen watan Satumba, na ƙwanƙwasa ƙofar Umaru a Tottenham da jakata a kafaɗa. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka yi ambaliya a gida, gwamnati na ta turo ma'aikata kwas Landan. Ni da shi aikin safiyo, wato awon ƙasa, muka zo karanta. Ni Bakatsine ne, shi kuwa Bakabe mutumin Argungu, to kun dai san wasan da ke tsakani. Ban cika kiran sunansa ba sai "bawana," shi ma abin da yake kirana ke nan.

Umaru ɗan masunta ne, kuma babu Bahaushen Landan da bai sha wannan labari ba har ya ƙoshi. Yadda kakansa ke nutso ya daɗe a ƙarƙashin ruwa, yadda babansa ke kamo giwan ruwa da hannu. Da haka aka laƙaba masa Sarkin Ruwa. Ran nan ya ga Turawa a talabijin suna tsaye kan wani dogon allo, raƙuman teku na gudu da su, sai ya ce ai wannan wasan yaran garinsu ne, kuma sai ya mallaki allon nan. Aka gaya masa a Newquay ake sassaƙa su, can ƙuryar yammacin Ingila. Ni na ce zan raka shi ne kawai don in samo abin tsokana.

Ya shiga ɗaki neman hularsa, sai matarsa Kulu ta miƙo mini ƙunshin dambun nama, ta rage murya.

"Yaya Lawal, abokinka bai iya ruwa ba. Ko kaɗan. Innarshi ta hwaɗa mani tun kahin bikinmu. Don Allah ka maido mani shi, kuma kada ka ce ni na hwaɗa maka."

Kafin in buɗe baki ga Sarkin Ruwa ya fito yana gyara hula. Wallahi dariya ce ta fara taso mini, domin Bakatsine bai taɓa samun makami irin wannan a kan Bakabe ba. Amma da na dubi idon Kulu sai dariyar ta koma.

Paddington zuwa Newquay

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Seven Sisters ƙarfe shida saura kwata, muka canja a Oxford Circus, muka fito Paddington. Tikitin zuwa da dawowa fam tara kowa. Jirginmu ya tashi bakwai da rabi daidai, tafiyar kuwa ta kusa mil ɗari uku.

Dabarata ita ce in tsokane shi har ya faɗi gaskiya da bakinsa. Mun wuce Reading na ce, "Bawana, wai minti nawa kake yi a ƙarƙashin ruwa?"

"Mu ba mu ƙidaya, sai Katsinawa da ba su san ruwa ba sai na randa."

Bayan Exeter akwai inda jirgin ke bi ta gaɓar teku sosai, har feshin ruwa na taɓa gilashi. Ranar teku ta tashi da fushi. Umaru yana cikin ba wani mai duba tikiti labarin kamun kifin garinsu, sai ya waiwaya ya ga ruwan, labari ya yanke. Baturen ya huda tikitinmu ya wuce, bai ji ƙarshen labari ba har yau.

"Lafiya, Sarkin Ruwa?"

"Ina karanta shi ne. Kowane ruwa da halinshi."

Ya karanta shi da bayansa, domin kujera ya canja. Muka ci dambun Kulu da burodi, muka sayi shayi kofi biyu a taragon abinci. A wata ƙaramar tasha mai suna Par muka sauka ƙarfe ɗaya saura minti goma, muka hau wani guntun jirgi mai tarago biyu da ke tsayawa ko'ina kamar motar kasuwar ƙauye. Biyu saura kwata muka iso Newquay.

Umaru ya riga ya kama mana ɗaki a gidan wata tsohuwa kusa da tasha, fam biyu da rabi kwana da karin kumallo. Muka yi kasaru a ɗaki, muka gaya mata ƙwai kawai muke so da safe. Ta tambaye mu ko mawaƙa ne mu, saboda hulunanmu.

Shagon allo

Shagon wani tsohon gareji ne a bayan gari, warin ƙaro da fenti ya cika shi. Mai shi Denis, dogon Bature mai gemu, rana ta gasa shi ya yi ja, ƙafarsa ba takalmi a wannan sanyi. Da ya ji daga Nijeriya muka taso neman allo, murna ta hana shi barinmu mu yi magana. Ya ce a duniya babu abin da ya kai ka ji ruwa ya ɗage ka ya ruga da kai. Ya ce saboda shi ya bar aikin ofis, kuma matarsa ta yafe masa, ko da yake ba duka ba.

Allunan suna jingine a bango. Ba katako ba ne kamar yadda na zata, wani abu ne mara nauyi da aka lulluɓe da ƙaro mai santsi, da 'yar ƙaya a ƙasan wutsiya irin ta bayan kifi. Akwai gajeru masu tsinin baki, sababbin yayi, fam arba'in da biyar. Can lungu kuma ga tsofaffi dogaye masu faɗi da ƙura ta rufe, fam goma sha biyu. Umaru bai ko kalli lungun ba. Kai tsaye ya rungumi wani gajere ja wur.

Denis ya tambayi nauyinsa da tsawonsa, sannan ya ce, "Yaya iyonka?"

"Gidanmu masunta ne," in ji Umaru.

"Madalla! Wannan na bayan raƙuma ne, inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. In ka faɗo, allon zai taho gaɓa ya bar ka, sai ka biyo shi da iyo. Yadi ɗari biyu ne, ba komai ba ne wurinka."

Umaru ya ji, amma bai saki allon ba. Ni kuwa na shiga neman mafita. Ina waige-waige sai na hango wani guntun katako a rataye, da igiya ɗaure a hancinsa. Denis ya ce wani abokinsa ne ya aiko masa daga Amurka, a kan dusar ƙanƙara ake hawansa. Ka hau tudu, ka tsaya a kai ka riƙe igiyar, ka sulalo. Ya ce duk daɗin ɗaya ne, kuma in sanyi ya hana shi teku yakan nemi tudu ya huce haushi. Har ya sauko da shi ya hau a tsakar shago yana karkaɗa ƙugu.

Na ce da Hausa, "Bawana, ga naka nan! Ba a taɓa jin wanda ya nutse a kan tudu ba."

"Ni ɗan masunta in koma Landan da abin zamiya? Allah shi kiyashe ni."

Ya sa hannu aljihu. Kalma ɗaya ce ke tsakanina da cin amanar Kulu, kuma in na faɗe ta gaban Bature na kashe mutumin nan da ransa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Tsaya. Ni ma ina son in koya. Amma ni ban iya ruwa ba, kowa ya san Katsina. Mu ɗauki dogon can mai ɗaukar mutum biyu, ka fara koya mini a inda ruwa bai wuce ƙugu ba. In na iya sai ka dawo wa jan."

Umaru ya yi mini kallo mai tsawo. Sannan ya jingine jan a hankali, ya ce wa Denis, "Ka ga wahalar tafiya da bawa." Ya biya fam goma sha biyu, muka yi hayar rigunan roba a kan sule goma-goma, ko in ce fene hamsin na sabon kuɗinsu.

Bakin teku

Ƙarfe huɗu muka isa gaɓa, Denis ya rufe shago ya biyo mu don kansa. Allon ya kai ƙafa goma, sai da muka ɗauke shi mu biyu kamar masu kai ƙyauren ƙofa. Rigar roba kuwa ban taɓa shiga wulaƙanci irin nata ba. Umaru ya ce na yi kama da jemage, ni kuwa haƙorana na ta kaɗawa don sanyi.

Jama'a, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce na bahon wanka ba, ga ni cikin teku saboda ƙaryar Bakabe. Denis ya goga wa allon kaki, ya kwantar da ni a kai rub da ciki. Malamina yana gefe, ruwa iya gwiwa, yana ba da umarni daga nesa. Wani farin kumfa ya taho, allo ya yi gabas na yi yamma. Na sha gishiri, na rasa sama da ƙasa, na fara salati a zuci.

Sai na ji an cafki wuyan rigata. Umaru ne. Ya afko ceto na, kumfa na biyu ya kwashe ƙafafunsa, muka ƙanƙame juna muna ihu muna shan ruwa. Can na ji muryar Denis a kanmu yana cewa, "Ku miƙe tsaye mana!" Muka miƙe. Ruwan bai kai cibiya ba.

Muka tsaya muna tari. Umaru bai sake ni ba.

"Lawal," ya ce, kuma ranar ya fara kiran sunana. "Ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Wana gulbi ya ci ina goye, Inna ta rantse ba ni taɓa ruwa. Aka kai ni makarantar kwana, ƙannena suka zan masunta, ni na zan mai labari."

Na tanadi tsokana tun daga Paddington, amma ko ɗaya ba ta fito ba. Tausayinsa ya kama ni, da kuma wani abu da ya fi tausayi, domin mutumin da bai iya ruwa ba ne ya faɗo ruwa don ni. Ya juya ya gaya wa Denis da Turanci. Denis ya ɗaga kafaɗa ya ce ai tun a shago ya gane, wanda ya iya ruwa ba ya amsa tambayar iyo da sana'ar babansa. Ya buga allon ya ce, "Hau."

Lahadi

Bayan ƙwan tsohuwa muka koma gaɓa ƙarfe takwas. Ni na yi murabus, na zauna kan yashi da bargo ina gadin huluna. Denis na tura allon, Umaru na faɗowa, cikin ruwa iya ƙugu. Ya yi ta ciki, ya yi ta gwiwa. Wajen goma da rabi wani kumfa mai kirki ya ɗauko shi, na ga ƙafa ɗaya ta hau, ɗayar ta biyo, sai ga Bakabe tsaye a kan teku, hannuwa a baje, baki a buɗe. Bai fi numfashi uku ba ya kife. Ya taso yana kiran sunan babansa da ƙarfi, ni kuma na sami kaina ina tsalle da bargo.

Jirgin komowa ya tashi ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Mai gadin jirgi ya ce allon sai taragon kaya, ya karɓi fene talatin. Mun wuce Plymouth Umaru ya matso kusa da ni.

"Ka gaya ma duk wanda kaka so, na san halin Katsinawa. Amma don girman Allah kada Kulu ta ji. Ita ɗan masunta ta aura, ba ta sani ba."

Na dubi taga don kada ya ga fuskata. Na ce masa na yi alkawari.

Gida

Direban tasi biyu suka ƙi mu a Paddington, sai muka kutsa jirgin ƙarƙashin ƙasa da allon, muna ba Turawa haƙuri a kowace kwana. Ƙarfe takwas da kwata muka hau matakalar gidan Umaru. Tun kafin mu ƙwanƙwasa ƙofa ta buɗe, ashe Kulu na bakin taga. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta sauke numfashi.

"Sannunku da hanya. Ya ruwan?"

"Ruwa ya san nashi," in ji Umaru. "Na hau shi tsaye. Tambayi bawana. Shi kau sai da na tsamo shi."

Kulu ta juyo gare ni. Na ce, "Wallahi ya hau tsaye, da idona na gani. Kuma da na faɗi shi ya fara cafko ni."

Ta ji na rantse, ta kuma san ba na rantsuwa a banza. Ta sake duban mijinta, wannan karon ta daɗe, idonta ya ciko. Ta ce, "Ai na sani. Ɗan gidan ruwa ne."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Denis da ya rufe shagonsa don baƙi biyu, da tsohuwa mai ƙwai. Umaru ya shiga ciki yana neman inda allo mai ƙafa goma zai tsaya a ɗaki mai ƙafa takwas. Ina ɗaura takalmi a bakin ƙofa Kulu ta ce a hankali, "Allah shi saka, Yaya Lawal. Bai dai gane na sani ba ko?"

Na ce mata bai gane ba.