Dutsen Niƙan Mama a Kotu

Shekarun baya mun yi shari'a da ƙanin mahaifina a kan kunya huɗu ta gonar citta a wajen Kwoi. Kunya huɗu fa! Amma saboda su, shi da mahaifiyata suka shekara biyu ba sa gaisawa, ko a coci.

Mama kaɗai ta san iyakar, ga shi ciwon gwiwa ya hana ta zuwa gona shekara bakwai. Sai ƙanwata, mai aikin safiyo, wato awon filaye, a Kafanchan, ta ɗauko hotunan gonar ta kowane gefe, ta zuba su cikin wani gilashi da in ka sa a fuska sai ka gan ka tsaye a wurin. Alƙali ya yi ta juya abin, daga baya ya ce a gwada.

Ni malamin makaranta, sarkin iyayi, na ce bari in fara don tsofaffi su ga ba abin tsoro ba ne. Ina sawa na ga rami a gabana, na daka tsalle, sai ga ni a kan teburin magatakarda. Har ɗan sanda sai da ya yi dariya.

Da aka sa wa Mama, sai ta fara dube-dube. Can ta sunkuya tana cire ciyawa a simintin kotu, tana tambayar wane malalaci ne ya yi wannan noman. Ni ne. Ta juya hagu, ta nuna wani dutse da duk muka ɗauka na banza ne, ta ce ɓarin dutsen niƙanta ne, marigayi mijinta ya kafa shi a matsayin iyaka ranar rabon gonar.

Baba ƙarami ya karɓi gilashin yana gunaguni. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Matarmu, ai ni na ɗauko shi a ka daga gida."

Nan shari'a ta mutu. A keke mai ƙafa uku ɗaya suka koma, suna faɗa a kan wanda ya fasa dutsen.

Har yau ba mutuwar shari'ar nake tunawa ba. Daɗin da na ji shi ne ganin Mama a gonarta, don kafin mu fita sai da ta roƙi alƙali a sake sa mata gilashin, wai ba ta gama duba cittarta ba.